Turken Saniyar Inna

Inna ba ta yi mani magana. Ba faɗa muka yi ba. Ni ne ɗan farinta, ita kuma Bafulatana ce ta gaske, daga ruga mahaifina ya auro ta ya kawo ta Ƙofar Durbi a birnin Katsina, kuma kunyar ɗan fari ba ta bar ta a can ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in yi wani abu, sai ta jira in shigo tsakar gida, ta juya wajen saniyarta da ke ɗaure bayan ɗaki, ta gaya mata. "Ke dai kina gani, rufin ɗakin girki na zuba, an rasa mai hawa." Ni kuma in je in ɗauko tsani. Har na yi aure, har na tara 'ya'ya, saniya ce 'yar aike tsakanina da uwata. Allah ya yi ni da saurin fushi, duk unguwa an sani, kuma wallahi akwai ranakun da nake kallon dabbar nan in ji kamar in kai ta kara, kasuwar shanu, in huta.

Asalin saniyar kyautar Kawu ce, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. In saniya ta tsufa, 'yarta ta gaje ta, haka ake ta yi. Kawu shi ya riƙe Inna bayan iyayensu sun rasu tana ƙarama, a wuyanshi take zama in za a tashi da shanu. Ita Hamma take ce mashi, wato yaya da Fulatanci. Sun daɗe ba su ga juna ba, don gwiwoyinta sun gaza, shi kuma tsufa ya hana shi shigowa birni, ga mahaifina da ke kai ta ya riga mu gidan gaskiya.

A makon da soja suka miƙa mulki ga farar hula, bayan doguwar wahalar man fetur ɗin nan, sai ga ɗan Kawu da sassafe a ƙofar gida. Taubashina ne, babban mutum da gemunshi, kullum muka haɗu sai mun yi ta tsiya, in ce mashi ɗan daji ya ce mani bawan birni. Ran nan ko murmushi bai yi ba. Ya durƙusa gaban Inna suka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwa, sannan ya ce Kawu ya kwanta. Ya daina cin abinci, ba ya kuma tambayar kowa sai ita.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta je ta shafa wuyan saniya ta ce, "Kin ji, Hamma ya kwanta. Da ina da ƙafa da na tahi."

Na san da ni ake. Na kuma san hanyar. In ka fita ta Ƙofar 'Yandaka ka yi yamma, kwalta za ta kai ka wani wuri ta bar ka, daga nan sai rairayi, sannan wani faffaɗan rafi wanda ƙasanshi yashi ne zalla. Ruwan farko ya riga ya sauka. Taubashina ya ce da ƙafa ya tsallako, yashin ya jiƙe amma ruwa bai fara gudu ba. In aka yi babban ruwa guda, rafin zai cika, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi. Inna ba ta iya hawa babur, balle tafiyar ƙasa. Motar da ke ja da tayoyi huɗu ita kaɗai za ta kai ta.

Muna da irinta a gida, tsohuwar jif ɗin mahaifina, da ita nake ɗaukar buhunan hatsi daga kasuwa. Sai dai suna ne kawai ya rage mata. Irin wannan mota tana da farfela biyu a ƙarƙashinta, wato dogayen ƙarafan da ke ɗaukar juyin inji daga giya su kai wa tayoyi, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba. Lokacin da ake kwana a layin mai, aka yi ta yaɗa cewa in ka cire ta gaba mota ba ta shan fetur sosai. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, masu jif da yawa sun cire, mahaifina ma ya cire. Tun daga nan da tayoyin baya kaɗai take tafiya. A kan kwalta ba ka gane komai, a yashi kuwa nan take za ta tona wa kanta rami ta zauna.

Na fita neman aro. Kai, ban taɓa jin haushin siyasa irin na ran nan ba! Duk wanda na sani mai jif, an ce ya tafi rakiyar wane wajen rantsuwa, ko an ɗauki motar an cika ta da 'yan banga da makaɗa. Gari ya ɗauki ganga, kowane shago rediyo na tashi, ana ta murna soja sun koma bariki. Ni ma na yi murna, wa ya fi ni shan wuya a hannunsu? Amma wani Alhaji da na je wa, da ya ce in bari sai bayan biki, sai da na gaya mashi maganar da har yau in mun haɗu a masallaci yake kau da kai.

Daga nan na wuce garejin Baba a bayan Ƙofar Guga. Baba aminin mahaifina ne, makanike ne tun ban san kaina ba, shi ne kuma mutum ɗaya da nake jin nauyin ɗaga wa murya. Na iske shi zaune kan tsohuwar taya yana cin goro. Muka gaisa, na gaya mashi abin da ke tafe da ni, na ce ya samo mani farfelar gaba ko ta wane hali.

Ya girgiza kai. "Ta wagga tsohuwa? Babu ita a Katsina, ɗana. Ko Kano ka tahi sai an tona. Ina wadda ubanka ya cire?"

Na ce ina zan sani, ƙila 'yan gwangwan sun daɗe da narkar da ita.

Sai ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Kullum kana wuce ta safe da yamma. Da me aka ɗaure saniyar gidanku?"

Na yi tsaye baki buɗe. Turken nan baƙin ƙarfe, mai gwangwanin madara kife a kanshi, wanda na sha yin tuntuɓe da shi ina tsaki, ashe farfela ce. Na fara murna, sai kuma na tuna ko turken wane ne. Mahaifina ya kafa shi da hannunshi, shi ne kusan aikin ƙarshe da ya yi a gidan kafin ciwo ya kwantar da shi. Da aka zo rabon gado, Inna ba ta ce uffan a kan komai ba, turken kaɗai ta ce a bar mata inda yake. Kowace safiya sai ta share gindinshi, nan take ajiye kujerarta ta yini. Na taɓa cewa zan matsar da shi in yi wa tsakar gida siminti, ta yi kwanaki ko saniyar ba ta yi wa magana ba, ni da kaina na janye.

Baba ya ce mu tafi tare. Ya yi sallama aka ce ya shigo, suka gaisa da Inna doguwar gaisuwa, ya yi mata jajen Kawu. Da aka zo kan maganar sai ya noƙe, ya zungure ni da gwiwar hannu. To ni ta ina zan fara? Ban saba tsayawa gabanta in yi mata bayani ba. Ban san lokacin da na juya na fuskanci saniyar ba, ni da gemuna, na ce, "Ke, ki gaya wa mai ke, mota ba za ta tsallake rafi ba sai da ƙarfen da aka ɗaure ki da shi."

Saniya ta ci gaba da tuƙa abinta. Taubashina ya sunkuyar da kai, kafaɗunshi na rawa, duk da halin da yake ciki. Can Inna ta ce, a hankali, "Mai shi da hannunshi ya kafa."

Zuciya ta taso mani. Na ce, "Haba! To a zauna ana kallon turke, can kuma..." Baba ya damƙe mani hannu da yatsun nan nashi masu kama da filaya, na haɗiye sauran. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Muka koma zaure muka zauna, ina ta huci, ina leƙen sama. Gabas ta ɗan yi duhu sannan ta washe. Baba ya ce, "Kai dai sarkin zuciya, ubanka sak. Ba turke take kallo ba. Ka bar ta ta yi sallama da shi."

Bayan la'asar muka ji motsi. Na leƙa, sai na ga Inna sunkuye tana kwance igiyar da kanta. Kullin ya daɗe, ya ci jikin ƙarfen, ta yi ta fama da shi da farce har ya saki. Ta ja saniyar zuwa gindin darbejiya ta ɗaure, ta tsaya ta ba turken baya, ta ce, "A haƙa. Kada a jijjiga shi."

Ni na yi haƙan. Ina zaton zan iske tsatsa ta cinye rabin da ke ƙasa, sai fartanya ta taɓa wani abu mai laushi. Roba ce, tsohuwar robar cikin taya, an naɗe ƙarfen da ita tun daga inda ya shiga ƙasa har gindi, an ɗaure tam. Baba ya yanke ta da wuƙa, sai ga giris, ya yi baƙi ya daskare amma yana nan. Ya cire gwangwanin da ke sama, wanda ni duk zatona don kada saniya ta ji ciwo aka kifa shi, nan ma cike yake da giris, haƙoran bakin ƙarfen suna ƙyalli kamar jiya aka rufe su. Baba ya mirgina farfelar a kan daɓen zaure yana duba ko ta lanƙwashe, ta tafi sumul. Ya ce, "Bai buga ta da guduma ba. Rami ya haƙa ya binne ta. Allah ya jiƙan wanga mutum, ajiya ya yi." Ya ja hannun riga ya goge ido, ya ce ƙasa ce ta faɗa mashi.

Sai dai farfelar ba ta cika ba. Gaɓa biyu ce, doguwa da gajera, gajerar ana zura ta a kan haƙoran doguwar don ta riƙa shiga tana fita in mota ta hau tudu ko ta faɗa rami. Doguwar ce muka tono. Baba na cikin tambayar ina gajerar, sai ga Inna ta fito daga ɗaki da wani ƙunshi a tsohon zane, ta ajiye a bakin zaure. Daga ƙarƙashin gadonta ta ɗauko. Ta kalli wajen darbejiya ta ce, "Ya ce in ajiye, wata rana za a nema." Ina son mahaifina, amma ban taɓa jin kewarshi irin ta yammacin nan ba.

Washegari da hantsi Baba ya zo da jakar sifanu da kuros biyu sababbi, waɗanda ya ce da ƙyar ya zaƙulo su a wani shago, su kaɗai suka rage. Kuros ɗan ƙarfe ne mai hannu huɗu, ana sa ɗaya a kowane ƙarshen farfela, shi ke ba ta damar juyawa ko da ta karkata. Tsofaffin sun riga sun mutu tun kafin a cire ta, suna kaɗawa kamar haƙorin tsoho. A ƙofar gida muka yi aikin, a kan gungumen da mahaucin unguwarmu ke sara nama. Baba ya cire 'yan zobban da ke kulle su, ya yi ta bugu a hankali har suka fita.

Sa sababbin shi ne aikin haƙuri, ni kuma ba ni da shi. Kowane hannu na kuros yana da ɗan kofi na ƙarfe da ake kifa mashi, a cikin kofin kuma an jera 'yan sandunan ƙarfe sirara a tsaye, kewaye da bango, Baba allurai yake ce masu. Giris kaɗai ke riƙe su. Sai ya cika kofin da giris da ɗan yatsa, ya saita, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya tsaya ya juya ya saurara, ya ƙara ƙwanƙwasawa. Ni ina tsaye a kanshi, ido ɗaya a hannunshi, ɗaya a sama, don tun safe gabas ta haɗe rai. Taubashina ya kasa zaune ya kasa tsaye. Daga can titi ana jin jerin gwanon motoci suna ham, ana kiran sunan sabon gwamna.

An gama na farko lafiya. A na biyu, kofin ƙarshe ya ƙi zama, ya rage kaɗan zoben ya shiga gurbinshi amma ya tsaya cak. Na ce, "Baba, ba ni gudumar nan in ba shi guda ɗaya mai kyau."

Ya ce, "In ka ba shi, ka fasa kofin, kuma babu wani. Allura ce ta kwanta a gindi."

Ya sake fitar da kofin a hankali, ya sa tsinke zai tayar da allurar, sai ta yi tsalle ta faɗa cikin rairayi. Innalillahi! Mu uku manya muka durƙusa muna lalube kamar masu neman kwabo. Na ce a sa haka nan, allura ɗaya me za ta hana? Baba ya ce in ɗaya ta fita sauran za su karkace su niƙe kansu, ƙila ma a tsakiyar rafi. Na yi jifa da hulata, na zagi allurar, na zagi wanda ya ƙera ta, na haɗa da wanda ya fara cewa a cire farfela don tsimin mai.

Muna cikin haka sai na ga inuwa a kanmu. Inna ce, lulluɓe da mayafi, riƙe da faifai. Rabon da ta tako ƙofar gida tun rasuwar mahaifina. Ta yi mamu alama da hannu mu matsa, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta kwashi rairayin wurin da tafin hannu ta zuba a faifai, ta fara sheƙa kamar mai gyaran gero. Ta zubar, ta ƙara kwasa. Ba ta gaggawa, ba ta kuma tsayawa. A kwasa ta nawa ne ban sani ba, ta sa yatsa biyu ta tsamo wani abu kamar kashin ɓera, giris ya kwashe yashi ya rufe shi. Ta miƙa wa Baba ba tare da ta ɗaga kai ba. Ya wanke a kananzir, sai ga allura. Ya ce, "Hajiya, gobe ki zo gareji, na ɗauke ki aiki." Ta ja mayafi ta rufe baki, amma na ga idanunta sun yi dariya.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da aka zo haɗa doguwa da gajera, Baba ya yi ta jujjuya doguwar yana neman wata alama. Ya ce masu ƙera ta suna yin 'yar kibiya a jikin kowace gaɓa, in ka haɗa kibiya da kibiya shi ke nan. Ta jikin gajerar tana nan, ta doguwar kuwa igiyar saniya ta goge ta tas, wurin ya yi santsi kamar cokali. Ya ce kowane ƙarshen farfela yana da kunne biyu da ke riƙe kuros, dole kunnuwan wancan ƙarshe su yi layi ɗaya da na wannan, in suka saɓa ko da haƙori guda ne, mota za ta yi ta karkarwa har ta kashe sabon kuros. Ya kwantar da ita a daɓe, ya rufe ido ɗaya yana hange kamar mai duba ko gini ya miƙe, ya zare, ya matsa haƙori guda, ya sake hange. Da ya gamsu sai ya ce, "To, kunnuwa sun daidaita. Amma ta fuska biyu suke daidaita, ɗaya ce tata ta asali. Hanya ce za ta gaya mamu."

Ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaure ta, ya fito ya ce a ba shi ƙwarya da ruwa. Muka shiga mota, ya ajiye ta a ƙasa tsakanin ƙafafunshi, muka fita bayan ganuwa inda titi ya miƙe. Da na ɗan taka, sai sitiyari ya fara rawa a hannuna, ruwan ƙwaryar ya shiga tsalle yana fantsama a wandon Baba. Ya ce, "Tabɗi! In nono ka zuba a nan, kafin ka kai ƙofa ka samu man shanu. Juya."

Na ce ba inda zan juya sai ɗaukar Inna, ai tana tafiya, ga hadari ya taso, mutum na can yana jiran ƙanwarshi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙashin tsohuwa za ka ɗora a kan wagga karkarwa? Ka ba ni ɗan lokaci kaɗan, in ba ka motar da za ta kai ta."

Na tsaya a gefen titi ina cizon leɓe. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasa, da tsufanshi, ga ƙarfe da zafi. Ya kwance notuna, ya zare gajerar, ya juya ta rabin zagaye, ya mayar, ya ɗaure. Da muka sake hawa titi na taka har inda motar ke iyawa. Ruwan ƙwaryar ya ɗan yi rawa a fuska kawai, ko ɗigo bai zuba ba. Baba ya ɗauko guntun alli daga aljihu, da muka tsaya ya sake leƙawa ƙasa ya ja layi a kan gaɓoɓin biyu, ya ce saboda na gaba.

Ana kiran azahar muka yi salla, muka ɗora Inna a kujerar baya, an yi mata shimfiɗa da bargo. Ba ta ɗauki komai ba sai ƙullin kayanta da 'yar jakar gero. Baba ya tsaya a ƙofar gida yana goge hannu da tsumma, ya ce a gaida mai jiki. Muka ratsa gari da ƙyar saboda masu biki, muka fita ta Ƙofar 'Yandaka. Da kwalta ta ƙare na ja ƙaramar giya, na ji gaban motar ya kama, abin da ban taɓa ji ba tun da ta zama tawa. Iska ta taso mai ƙanshin ruwa, sama ta yi baƙi ƙirin a bayanmu.

Da muka iso rafin, ruwa ya fara gudu a tsakiya, ja, ya kai idon sawu, alamar an yi ruwa a can sama. Taubashina ya naɗe wando ya shiga gaba da sandarshi yana nuna mani inda yashi ya fi tauri. Na yi bisimilla na shiga. A tsakiya bayan motar ya nutse, tayoyin baya suka fara tono, na ji zufa ta karyo mani. Ina jin Inna a baya tana salati ƙasa-ƙasa. Sai gaban ya ciji yashi, ya ja, ya ƙara ja, motar ta yi gurnani ta dafe gaɓar can. Na tsaya, na ɗora goshi a kan sitiyari.

Taubashina ya shigo yana ɗigar ruwa. Inna ta dube shi ta ce, "Motar mai shi ce. Ba ta ba da kunya." Ka ji fa! Ni da na tuƙa ko sannu. Amma wallahi daɗi na ji, har na yi dariya ni kaɗai.

Ruwan ya iske mu kafin mu kai ruga, kamar da bakin ƙwarya. Mota ba ta iya matsawa har bakin bukka saboda shingen ƙaya, sai da muka riƙe Inna ni da taubashina muka taka da ita, kafin mu isa ta jiƙe sharkaf. Mata suka fito suna mata sannu, wata tsohuwa ta kama hannunta ta ce yana nan da rai, tun jiya ko ruwa ya ƙi karɓa. Ƙofar bukkar gajera ce. Inna ta saki hannunmu, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan da ba sa lanƙwasuwa, ta rarrafa ta shiga. Na tsuguna a bakin ƙofa.

Kawu na kwance a kan gadon kara, an rufe shi da bargo. Mutumin da na sani dogo, wanda ke ɗaga maraƙi da hannu ɗaya, ya koma kamar yaro. Idonshi a rufe. Inna ta matsa kusa da kanshi ta ce, "Hamma."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗago hannu ya taɓa mayafinta, ya ji shi a jiƙe. Sai ya haɗe fuska ya yi magana da Fulatanci, muryar da ƙyar take fita. Ɗan abin da nake ji ya ishe ni in gane faɗa yake mata. Wa ya ce ta fito cikin hadari? Ba ta da hankali ne? In sanyi ya kama ta fa?

Inna, mai furfura, mai jikoki, wadda duk Ƙofar Durbi ba mai ɗaga mata murya, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, ta ce, "Ka yi haƙuri, Hamma." Hawayen da ta riƙe tun daga Katsina suka zubo. Ni ma na kasa riƙe nawa, ban kuma ɓoye ba.

Kawu ya kama gefen bargon da aka rufe shi da shi, ya janye daga jikinshi a hankali, yana so ya yafa mata. Hannun ya tashi kaɗan ya tsaya, ya kasa kaiwa. Wata daga cikin matan ta yunƙura za ta taimaka, Inna ta girgiza mata kai. Ta ƙara sunkuyawa har goshinta ya taɓa gadon, ta kai mashi kafaɗarta, ya lulluɓe ta.